Ciyawar Kelvin Tana Kwance a Fili

Talata 14 ga Oktoba, da yamma

Yau na fito da Tsohuwa daga rumfa. Haka mijina Kelvin yake kiran injin naɗe ciyawarmu tun ranar da ya jawo ta daga gwanjon kayan wata gona a bayan garin Rainbow, yana ta washe baki. Na ce masa, "Kel, wannan ai ta girme ni." Ya ce, "Amma ba ta kai ki mita ba."

Tun da na auri Kel babu aikin gonar da ban taɓa ba, sai wannan. Ni nake tara ciyawa layi-layi, shi kuma ya biyo baya da Tsohuwa, ta haɗiye ciyawar, ta juya ta a cikinta har ta dunƙule ta zama ƙaton dami, ta naɗe shi da raga, ta buɗe bayanta ta ajiye. Daga nesa abin ba wuya.

Ya riga ya yanke ciyawar kafin waccan Alhamis ɗin. Tana kwance a babban fili, ta bushe sarai. In na naɗe ta kafin ruwa, tumakinsa sun sami abin ci har rani ya wuce. In ruwa ya riga ni ta ruɓe, sai dai mota ta zo ta kwashe su zuwa kasuwa. Ubansa ne ya fara kiwon irinsu. Ba zai dawo ya tarar da fili wayam ba, ba ina raye ba.

Na kunna oba-oban da ke cikin tarakta. Duk yankin nan tasha ɗaya muke, kowa na jin kowa. Tsoho Ossie Nuske, maƙwabcinmu na gabas, yana ta yi wa 'ya'yan Dahlenburg tsiya a kan shingensu. Da ya hango ƙurata sai ya ce, "Lorna ce a kan tarakta? Yarinya, ina mutumin naki?"

Na haura hamsin, amma har gobe yarinya ce ni a bakin Ossie. Na ce, "Ya tafi Ballarat wurin ƙanwarsa. Rufin gidanta ake gyarawa."

Ya ce, "To madalla. In kina son hannu ki yi magana."

Na ce ba na so.

Laraba 15, da hantsi

Dami na farko ya fito tsirara, ba raga ko zare ɗaya. Ya taɓa ƙasa ya warware. Na biyu ma haka. Na cire hula na jefa, na ture duk tarkacen Kel da ke gaban sitiyari suka zube gefen kujera. Biddy, karyarmu, ta sauka ta koma gida abinta, ta ga ba ranar wasa ba ce.

Laraba, da la'asar

Na buɗe akwatin raga. Ragar ba fita take yi ba, kanannaɗe rolar roba take yi ta cushe. Na yanke da wuƙa, na sake zura ta yadda hoton da ke jikin murfin ya nuna, ta sake cushewa.

A gida waya ba ta kamawa sosai, sai a kan tudun da ke tsakiyar filin. Can na tsayar da tarakta na kira mai shagon kayan inji a Horsham.

Ya ce, "Robar ce ta tsufa take danƙo. Ki barbaɗa mata hodar jarirai."

Na ce, "Wasa kake yi da ni?"

"Ranki ya daɗe, da ita nake ciyar da iyalina. Hodar jarirai. Ina maigidan? Shi ya sani ai."

Na ce maigidan yana Ballarat, kuma gidanmu ba a taɓa sayen hodar jarirai ba, ba kuma zan tafi gari don gwangwani ɗaya ba. Na kashe wayar kafin ya yi wata tambayar.

Alhamis 16, da safe

Ba na son Alhamis.

Alhamis, da rana

Na je bakin hanya ɗauko wasiƙu, na tarar da gwangwanin hodar jarirai a cikin akwatin. An ɗan taɓa shi ma. Ina jin mai shagon ne ya ba wani direba ya ajiye min. Ban zaci yana da wannan kirkin ba.

Na barbaɗa. Ragar ta bi hanyarta lafiya lau. Yanzu Tsohuwa tana ƙamshin ɗakin mai jego.

Asabar 18, da yamma

Damin yana fita a naɗe, amma a karkace, gefe ɗaya ƙato, gefe ɗaya tsuke. Duk wanda ya wuce ta hanya zai san ba Kel ne ya yi su ba.

Bayan abincin rana suke ba Kel waya a asibiti. Na hau tudu na jira. Muryarsa a hankali take fita yanzu, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Yaya tumaki?"

"Lafiyarsu ƙalau."

"Mai yankakken kunnen fa? Ƙafar ta warke?"

"Ta warke. Kel, damin yana fita a karkace."

Ina jin ƙarar talabijin a bayansa. Sannan ya ce, "Kina tafiya sambal ne. Ki riƙa karkata hagu, ki karkata dama, ciyawar ta cika kowane gefe. Kamar mashayi zai koma gida."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Wata mata ta ce masa lokaci ya yi.

Tumaki kawai yake tambaya. Ba ƙorafi nake yi ba. Rubutawa kawai nake yi.

Lahadi 19

Ban je coci ba. Valmai matar Ossie tana da ido, kallo ɗaya za ta yi min.

Litinin 20, da safe

Batirin tarakta ya mutu murus. Na jawo mota na haɗa waya na tayar da ita. Abin da na bari a kunne tun Asabar oba-oba ne kawai, kuma ban taɓa jin sauraro ya cinye batir ba. Daga yau zan riƙa kashe shi in na tashi aiki.

Shi ma ɗin ban san amfaninsa ba. Tun Laraba ba wanda ya ce uffan a tashar. Ba Ossie, ba 'yan Dahlenburg, ba ko mai tankar mai da ke neman hanya kullum. Fuskar rediyon ta daɗe da mutuwa, ba abin da take nunawa, amma ina jin ɗuminsa in na taɓa. Ko dai sun koma wata tasha ba su gaya min ba. Da ma da Kel suke hira, ni matarsa ce kawai.

Abin ya yi min ciwo fiye da yadda na zata. Ban so su tambaye ni komai ba, amma ina son in ji muryar mutane.

Talata 21, da yamma

Yau an yi aiki. Ina karkata hagu da dama kamar yadda ya ce, damin yana fita daidai. Na yi wa Tsohuwa waƙoƙin coci duk da na sani, da na makaranta. Na kuma ba ta labari iri-iri. Ta fi mutane iya sauraro.

Na dafa shayi na zuba kofi biyu. Na mayar da ɗaya cikin buta.

Laraba 22, da rana

Allah ya tsare.

Hancina ne ya cece ni. Na ji ƙauri, na waiga, na ga hayaƙi siriri yana fita ta gefen hagu na sama. Na buɗe bayan na zubar da damin, na ja gaba zuwa inda ƙasa take fili, na sauko da tukunyar kashe wuta na fesa har ta ƙare. Boris ɗin rolar sama ne, ƙarfen da take juyawa a kai, ya ci kansa, ya yi zafin da ya fara toya ƙaiƙayin da ya taru a wurin. Da na ƙara layi ɗaya, da ciyawar da filin da na Ossie duk sun tafi.

Na zauna a ƙasa. Biddy ta zo ta ɗora kanta a cinyata.

Sai da na yi ta bugu da guduma kafin boris ɗin ya fita, na fasa babban yatsa. Na goge ƙarfen na karanta wa mai shago lambar da ke jikinsa a kan tudu. Ya ce ba shi da irinsa, injin ya tsufa, sai an aiko daga Melbourne mako mai zuwa. Na yi masa godiyar hoda. Ya ce wace hoda?

Alhamis 23

Ban fita ba. Na share ɗakin ajiya. Akwatin ƙarfen da Kel yake kulle bindigarsa yana nan a buɗe yadda ɗan sandan ya bar shi bayan ya tafi da abin da ke ciki. Na rufe, na jingina tsintsiya a jikinsa.

Juma'a 24, da safe

Boris a cikin akwatin wasiƙa, a naɗe da tsohuwar jarida, an shafe shi da giris. Lambar daidai. Kusa da shi rabin kek na ayaba.

Na tsaya a bakin hanya ina duba gabas da yamma, ba kowa sai hankaki. Kek ɗin na san hannun, Valmai ce kaɗai take cika kirfa haka. Wato mai shago ya yi surutu. Mutum ba zai sayi ko noti a ƙasar nan ba sai kowa ya ji. Na ji haushi. Na cinye kek ɗin a tsaye.

Asabar 25, da yamma

Na sa boris. Na bi sauran duka da giris, ina tsayawa lokaci-lokaci in taɓa su da bayan hannu. Rabin filin ya tashi.

"Yaya tumaki?"

"Lafiya ƙalau."

Ya ce likita ya ce a ƙara masa mako biyu. Na ce to. Ya ce abincinsu ba gishiri.

Litinin 27, da hantsi

An ce ruwa ranar Alhamis, mai yawa, daga arewa. To dole Alhamis.

Talata 28, da la'asar

Bel ɗaya na cikin Tsohuwa ya tsinke a mahaɗinsa. Ƙarar kamar an harba bindiga, kuma na ƙi jinin wannan ƙarar yanzu. Ya shige ya naɗe rolar ƙasa, ya ja na kusa da shi ya yage gefensa. Na zaro shi da ƙyar. Haƙoran ƙarfen da ke riƙe bakinsa sun zube, kuma abin matse sababbi ba mu da shi, Kel aro yake yi.

Na koma cikin tarakta na rufe ƙofa. Ban san me ya same ni ba. Na fara da zagin Tsohuwa, na zagi wanda ya ƙera ta da wanda ya sayar da ita. Daga nan sai na ji ina yi wa Kel magana. Na gaya masa duk abin da ban faɗa a waya ba. Yadda na ga ƙofar rumfa a rufe da rana tsaka. Yadda Biddy take ta kuka a bakinta. Abin da na ce masa kafin ya miƙo min bindigar, da yadda hannunsa yake sanyi. Na ce masa ina jin haushinsa, haushi mai tsanani, kuma ina kewarsa har ba na iya kwana a gefena na gadon. Na ce na gaji da ƙaryar rufin ƙanwarsa.

Na yi kuka irin na yara, da majina da komai. Da na gama rana ta yi ƙasa. Ba abin da ya canja, bel yana nan a tsinke.

Laraba 29, da sassafe

Akwatin wasiƙa ba komai. Ban san me nake tsammani ba.

Gajimare ya fara haɗuwa ta arewa.

Laraba, da hantsi

Dole in rubuta wannan.

Na ce bari in gwada ɗinke bel ɗin da waya, ko ya kai ni yamma. Na shiga tarakta neman filaya a cikin tarkacen da na ture ranar nan. Na zura hannu tsakanin kujera da bango, sai na taɓo igiyar oba-oba. Na ja, ta ƙi. Na leƙa. Abin maganar ne ya faɗa can, ya maƙale tsakanin ƙarfen kujera da gwangwanin giris, maɓallinsa a danne.

A danne. Tun ranar dami na farko.

Shi ya sa ban ji kowa ba. Wanda yake magana ba ya ji. Shi ya sa batir ya mutu. Ba mai shago ba ne. Hodar, boris ɗin, waƙoƙin coci, hirata da Kel a kan tudu, likita, mako biyu. Da jiya. Jiya duka. A kowace tarakta, a kowane ɗakin girki daga nan har bakin tafki.

Na zare shi, maɓallin ya saki. Na fita na tsuguna a gindin taya.

Na yi tunanin in tafi gida in ja labule, in bar ruwan ya yi abin da zai yi. Na daɗe ina wannan tunanin. Sai na hango tumakin sun taru a bakin shinge suna kallona, mai yankakken kunnen a gaba.

Na koma na ɗauki abin maganar. Wannan karon ni na danna da yatsana.

"Ossie. Lorna ce. Bel ya tsinke min."

Ko numfashi ban sauke ba ya amsa. "Ashe? Kai, abin haushi. Ga ni kuwa kusa da ƙofarki, na fito duba shinge. Ina jin ma abin matse bel yana bayan mota, ban san wa ya jefa shi ba."

Sai muryar babban ɗan Dahlenburg: "Baba Ossie, kai da ko zaren takalminka ba ka gani? Bari mu zo kafin ka haɗa mata shi a baibai. Injinmu ma yana hanya, mun fito shan iska da shi."

"Ka ji ɗan banza. Ina haɗa bel tun ubanka yana fitsarin kwance."

Na juya wajen ƙofar gona. Suna nan a jere a bakin hanya, a bayan itatuwa, injuna a kashe. Ban san tun yaushe ba. Ba wanda ya taɓa sakatar ƙofar.

Na ce, "A buɗe take."

Laraba, da magariba

An gama. Ossie ya haɗa bel ɗin, ya datse gefen ɗayan da ya yage, Tsohuwa ta yi aikinta tare da na 'yan Dahlenburg ba ta ƙara tari ba. Sun kwashe damin sun jera a kan tudu. Ba wanda ya kalle ni fiye da kima. Hirar farashin ulu aka yi da ta ƙwallo.

Valmai ta kawo shayi da burodi da naman sanyi a bayan mota. Da muka rage mu biyu na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

Tana goge kofi, ba ta ɗago ba. "Ranar farko dariya muka sha, muka ce gobe a gaya miki. Kafin goben ta zo kin faɗi abin da in mun gaya miki, kin san mun ji. Sai muka koma wata tasha. Na hana kowa taɓa taki."

"Amma ke kin saurara."

"Ni da tsohon nan kawai, saboda gudun gobara. Jiya kam na kashe, na zauna na yi nawa kukan." Ta miƙo min kofin. "Abu ɗaya zan ce, Lorna. Don Allah ki bar wa mawaƙan coci waƙarsu."

Ban sani ba ko gaskiya ne su biyu kawai. Na zaɓi in yarda.

Alhamis 30, da rana

Ruwa tun asuba, kamar da bakin ƙwarya. Ina jinsa a kan kwano, ina hango damin a jere ta taga.

Na tafi tudu da mota don wayar Kel.

"Yaya tumaki?"

"Suna da abincin rani. An naɗe duka jiya. Ossie da 'yan Dahlenburg suka taya ni." Na ja numfashi. "Sun sani, Kel."

Na duba ko wayar ta yanke. Sannan ya ce, "Ke fa? Yaya kike?"

Ya jira. Matar nan ta ce lokaci ya yi, na ji ya ce mata ta ɗan ƙara masa.

Asabar 1 ga Nuwamba, da hantsi

Na mayar wa Ossie abin matse bel. Na same shi a rumfarsa yana wasa wuƙar yanka ciyawa. Ya karɓa ya rataye, ya ce in ajiye sauran hodar, ta jikarsu ce kuma ta girma.

Har na shiga mota ya biyo ni ya dafa ƙofar. Ba ni yake kallo ba, filinsa yake kallo.

"In kin yi waya da mutumin, ki ce ina gaishe shi. Ki ce kada ya yi gaggawa, gyaran rufi ba a yi masa gaggawa." Ya gyara hularsa. "Ni ma na taɓa zuwa wurin ƙanwata, shekarar babban fari. Wata uku na yi. Uban Kelvin ne ya naɗe min ciyawata."

Ya buga rufin motar da tafin hannu, ya koma ciki.

Sai da na kai ƙofar gonarmu na tuna. Na san gidan Nuske kaf, hotonsu yana rataye a zauren coci. Su shida ne, duk maza.